Aisa Mai Banda a Kan Dandamali

Sunana Ezinne. A Maiduguri aka haife ni, a nan mahaifina Onyema ya shekara arba'in yana sayar da labule da zannuwan gado. Shagon da ya bar mini a Abbaganaram shi nake ciki har yau, da keken ɗinki biyu. Daga ƙofar shagon na fara ganin Aisa, domin teburinta na kifi banda yana gindin bishiyar maina da ke kallon ƙofata. Doguwa ce, mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana. Kullum takan ja lafayarta ta rufe kunnen hagu. Mun shekara biyar muna gaisawa kafin ta nuna mini kunnen, rabinsa babu, ta kuma gaya mini abin da ya cinye shi.

Mahaifinta, Baa Kyari, masunci ne a wani ƙauye na bakin tafki, gaba da Baga. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, don haka Aisa ya ɗauka cikin kwalekwale. Tana shekara tara ta iya riƙe filafili, tana sha biyar tana fita jan taru ita kaɗai. Tana da ashirin, ranar wata kasuwa da hantsi, mahara suka shigo ƙauyen a kan babura. Baa Kyari yana zaune bakin ruwa yana gyaran taru. Suka tara maza suka kwantar da su ruf da ciki a kan yashi, suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Aisa tana cikin ciyawar ruwa, ruwa iya wuyanta, tana kallo. Ta ce da aka zo kan mahaifinta bai ɗaga kai ba, allurar gyaran tarun tana hannunsa har aka gama.

Ta ja kwalekwalensu cikin ciyawa, mutum goma sha ɗaya suka cusu a ciki har da mahaifiyarta. Tana turawa aka hango su aka buɗe musu wuta. Harsashi ɗaya ya ɗauke mata kunne, wani ya sami matar da ke gabanta a ƙirji, da goyo a bayanta. Aisa ba ta daina tuƙi ba. Kwana biyu suka yi a cikin ruwa da gawar, ɗan yana tsotson yatsan mahaifiyar Aisa. Da suka fito tudu suka kama tafiyar ƙasa, a hanya mahaifiyar ta kwanta gindin wata ƙaya ta ce su je za ta biyo su. Ba ta biyo su ba.

A ƙofar sansanin 'yan gudun hijira ta haɗu da Madu. Yana cikin matasan unguwa da suka sa kai suna gadi da gora da wuƙa, suna binciken masu shigowa. Da ya ga kunnenta ya ruɓe yana tsutsa, sai ya bar layin, ya sa ta a keke napep ya kai ta asibiti, ya zauna a baranda har aka gama wankewa da ɗinkewa. Bayan wata takwas ya ce yana son ta, ita ma ta ce tana so. Ba wanda ya sa ta. Suka kama ɗaki a Abbaganaram, shi da hannunsa ya yanka tsohuwar ganga ya yi mata tandar ƙyafe kifi. Na san Madu na wannan lokacin. Mai dariya ne, idan zai wuce shagona yakan ce, "'Yar Onyema, yaushe za ki ɗinka mini babbar riga in zama alhaji?"

Daga baya aka fara ɗaukar su Madu rakiyar motoci cikin daji. A wata tafiya motar da ke gabansu ta taka nakiya da aka binne a hanya. Amininsa na ciki. Madu ne ya bi ciyawa yana tsintar abin da ya rage na mutumin yana zubawa a buhun shinkafa. Ya dawo gida ya kwana bakwai bai ce uffan ba. A rana ta takwas Aisa ta hura tanda, ƙaurin kifi ya shiga ɗaki, sai ya fito ya hankaɗe tandar da ƙafa, ya shaƙe ta a jikin bango har idanunta suka juye. Wannan ne na farko. Daga nan ya kama shan ƙwaya, dukan kuma ya zama kamar abinci. Da bel, da wayar wuta, da duk abin da hannu ya kai. Tana da ciki wata biyar ya haure ta a mara, cikin ya zube a tsakar gida.

Wata rana bayan azahar ya zo har gindin maina ya damƙi lafayarta ya ja ta a ƙasa, kifi ya watse a titi. Na fito da sandar awon yadi a hannuna ina ihu. Ya sake ta, ya juyo ya ɗauke ni da mari har na faɗa kan tebur.

"Koma kan kekenki, 'yar Onyema," ya ce. "Wannan ba labule ba ne."

Maza sun fi goma a wurin, ba wanda ya motsa, saboda kowa ya san akwai wuƙa a ƙugunsa. Da ya tafi na ja ta cikin shago ina goge mata gwiwoyi.

"Ya Aisa, me kike jira? Sai ya kashe ki?"

"Wanda ya kai ni asibiti yana nan cikinsa," ta ce. "Shi nake jira ya fito."

Shekarar da ruwa ya ci gari, gari ya waye mana Abbaganaram ta koma tafki. Ni da 'ya'yana muna kan rufin shago, maƙwabta suna kan katanga da bishiyoyi, awaki da katifu suna wucewa a ƙasa. Wajen hantsi wasu samari suka zo da kwalekwale, amma ba wanda ya iya shi, sai juyawa suke yi wuri ɗaya kamar murfin tukunya. Sai ga Aisa ta sauko daga katanga, ta ɗaure lafaya a ƙugu, ta kutsa cikin ruwa iya ƙirji, ta hau ta karɓe filafilin. Tana miƙewa tsaye jirgin ya nutsu. Ban taɓa ganin ta haka ba. Daga safe har la'asar tana kwasar mutane tana kai su tudu. Wani ƙato ya yi iyo ya kama gefen jirgin zai hau alhali cike yake da yara, jirgin ya karkata ruwa ya fara shiga. Ta ce ya saki, ya ƙi. Ta sauke masa filafili a yatsu, sau biyu, har ya saki. Da ta sauke yaran ta dawo ta ɗauke shi, yana zaginta yana riƙe da hannu.

Cikin waɗanda ta kwaso akwai wani tsoho da ya zo duba 'yarsa ruwa ya rutsa da shi. Yana kan katanga, ya ɗora jakar fata a ka, ya ƙi yarda kowa ya taɓa ta. Shi ne Malam Dzarma, mutumin Askira, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, yana zaune a Umarari. Abin da ke cikin jakar takardu ne.

Bayan wata huɗu ya zo shagona neman wanda zai ɗinka masa kayan 'yan wasa. Ya ce yana da ƙungiyar wasan kwaikwayo, ɗalibai ne da ma'aikatan jinya biyu da wani makanike, suna gwaji a tsakar gidansa. Akwai wani tsohon littafi da ya karanta tun yana kwalejin horon malamai, wata mata ce ta rubuta shi a wata ƙasa fiye da shekara ɗari da suka wuce. Labarin 'yar wani mai fito ne. Uban ya mutu ya bar mata jirginsa, 'yan uwanta maza suka ce mace ba ta zama da kanta, ta kawo jirgin su sayar su riƙe ta, ita kuwa ta ƙi. Malam Dzarma ya shekara shida yana mayar da shi wasa, ya kawo labarin bakin tafkinmu, ya sa wa yarinyar suna Gana, ya rubuta da Hausa ya yayyafa Kanuri. Takardun da ya ɗora a ka ke nan.

Yana cikin bayani ya waiga ya ga mai banda a gindin maina. Ya tsallaka titi ya cire hula, ya gaishe ta da Kanuri.

"'Yata, wushe. Kin gane ni?"

"Baba mai jaka," ta ce.

Ya yi dariya. Ya ce yarinyar da ke fitowa a matsayin Gana, wata ɗaliba mai suna Humaira, tana riƙe filafili kamar taɓarya, ko za ta zo ta koya mata? Aisa ta ce sai ta yi tunani. Ranar Talata ta ce wa Madu za ta sayo itace a Umarari, muka tafi tare, ni da ma'aunina.

Ta gyara wa Humaira tsayuwa da riƙo, sannan ta zauna gefe tana kallo. Aka zo wurin da yayyen Gana suka tsare ta a bakin ruwa, Yoila makanike shi ne babban wa. Humaira ta fara wani dogon jawabi kan haƙƙi da 'yanci. Ba ta kai rabi ba muka ji Aisa ta tuntsire da dariya. Ban taɓa jin dariyarta mai ƙarfi ba sai ranar.

"Me ya faru, 'yata?" in ji Malam.

"Baba, ka yi haƙuri. Wa zai tsaya ya saurari wannan duka? Kafin ta kai nan sun fasa mata baki."

"To me za ta ce?"

"Ba ta cewa komai. Ta sa jirgin a bayanta, ta fuskance su. Kada ta kalli fuskarsu, hannayensu za ta kalla."

Malam Dzarma ya ɗauki biro ya soke shafi biyu. Sati uku ana haka, tana zuwa Talata da Alhamis, tana gyara wannan tana gyara wancan. Humaira da kanta ta ajiye filafilin ta ce, "Malam, gaskiya Ya Aisa ce Gana. Ni a ba ni matsayin ƙanwarta." Aisa ta ce ba ta iya karatun boko ba. Humaira ta ce wannan ba komai ba ne. Ita da Yoila suka karanta wasan duka suka naɗa a waya, Aisa ta riƙa saurare tana juya kifi a tanda. Cikin kwana ashirin ta haddace nata da na kowa.

Wayar ce ta tona ta. Madu ya dawo da rana ya tarar da ita a kan tabarma, ya danna, sai ya ji muryar namiji yana cewa, "Gana, ki zo mu yi magana." Bai tambayi komai ba. Ya buga wayar da bango, ya ninka wayar wuta biyu, ya dake ta tun tana kare fuska har ta daina. Ya kulle ta a ɗaki kwana biyu ba ruwa. Ta taga na miƙa mata ruwan leda da kunu.

Da Malam Dzarma ya ji, ya sa babbar riga ya je ya sami Madu a majalisarsu. Ya durƙusa, tsoho mai shekara saba'in, ya ce laifinsa ne, shi ya kamata ya fara neman izini. Ya yi bayanin wasan, ya ce babu rawa, babu taɓa jiki, ya zo da kansa ya gani.

Madu ya saurare shi har ƙarshe. "Baba, ka gama? Tun ranar ruwa ake nuna ni a gari ana cewa ga mijin mai jirgi. Yanzu kuma za ka ɗora ta kan katako maza su kalla. Idan ta hau, gawarta za a sauko da ita. Kai ma ka kiyayi kanka."

Malam ya biyo ta shagona, ya ce in gaya wa Aisa ta haƙura, Humaira za ta koma matsayinta. Na gaya mata. Tana shafa man kaɗanya a kan shatar bulala a cinyarta.

"Ki ɗinka rigar da dogon hannu," ta ce.

"Ya Aisa, ya ce zai kashe ki."

"Ko na hau ko ban hau ba zai yi. Ki gaya wa Baba ina zuwa."

Ranar Asabar aka sa za a yi wasan, bayan la'asar, a wani fili da ke Old Maiduguri. An jera ganguna an shimfiɗa katakai a kai, an yi kwalekwale da falanki, na ba da shuɗin yadi bandir guda aka shimfiɗa a matsayin ruwa. Filafilin kaɗai ne na gaske, Aisa ce ta samo shi wurin wani mutumin garinsu. Mutane sun kai ɗari uku, mata a kan tabarmi a gaba, maza a benci a baya. A bayan labule na sa mata rigar. Bayanta duk ya farfashe, sai da na sa auduga don kada yadin ya manne.

Da ta fito ban gane ta ba. Muryar da ba a ji a gindin maina sai ga ta tana kaiwa har bencin ƙarshe. Wurin da Gana ke wanke jirgin ubanta bayan an binne uban, Aisa ba ta yi kuka ba, ta dai riƙa goge falankin a hankali tana kiran sunayen kifaye da Kanuri kamar yadda Baa Kyari ya koya mata. Matan gaba, da yawansu mutanen bakin tafki ne, suka rufe fuska da lafaya.

An yi kusan awa ɗaya ana wasa aka zo wurin tsarewar. Yoila ya miƙa hannu zai karɓi filafili. Ni ina gefen dandamali riƙe da igiyar labule, don haka ni na fara ganin Madu. Ya ratso ta tsakiyar mata yana taka tabarmi, gora a hannu, abokansa biyu a bayansa. Idanunsa sun yi jajir. Na yi ihu amma ba a ji ni ba. Ya yi tsalle ɗaya ya hau.

Yoila ya juyo, gorar ta same shi a baki. Na ga haƙora sun zubo kan shuɗin yadin. Malam Dzarma ya fito daga bayan labule da gudu irin na tsofaffi, ya shiga tsakani, ya buɗe tafin hannayensa biyu.

"Ɗana, don girman Allah, ni ne mai lai..."

Madu ya sauke masa gorar a gefen kai da hannu biyu. Tsohon ya faɗi kamar an sare kara, jini na fita ta kunnensa. Sai Madu ya juya kan Aisa. Ta ɗaga hannun hagu ta kare kai, gorar ta sauka, ƙarar karyewar ƙashin har inda nake na ji ta. Hannun ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Ta durƙusa a cikin jirgin falankin. Ya yar da gorar ya zaro wuƙa.

Filafilin yana hannunta na dama. Daga durƙushe ta kaɗa shi ƙasa-ƙasa, gefensa mai kaifi ya sami Madu a gwiwa. Ƙafar ta koma baya. Ya kurma ihu ya faɗi, wuƙar tana hannunsa, yana kai mata sara yana samun falanki. Ta miƙe ta sauke masa na biyu a wuyan hannu, wuƙar ta yi tsalle ta faɗa ƙasa. Ta ɗaga na uku saitin kansa. Ni da Humaira muka isa tare muka rungume ta ta baya. Ƙarfinta ya fi namu, ta ɗaga mu duka biyu, amma ba ta sauke masa filafilin ba.

A ƙasa kuwa wani ya ga ana gudu ya yi ihu, "Bam! Bam!" Kowa a garin nan ya san abin da kalmar ke yi. Benci suka kife, aka tattake mata da yara a ƙofar fita, wata tsohuwa ta karye a haƙarƙari. Waɗanda suka ga abin da ya faru da idonsu kuma suka yi kan abokan Madu da ƙafafun benci. Ɗaya ya tsallake katanga, ɗayan aka kwantar da shi ana duka har ya daina motsi. Sannan suka hau dandamali. Aka ja Madu ta karyayyar ƙafar, ana harbinsa a ciki da fuska. Na ji wani yana cewa a kawo taya, wani ya ruga wajen babur zai zuƙo fetur.

Aisa ta fizge daga hannunmu. Ta je ta tsaya a kansa, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, hannun hagu yana reto, filafili a sama.

"Wanda ya ƙara taɓa shi sai na fasa masa kai," ta ce. Ta maimaita da Kanuri.

"Ke, kashe ki ya zo yi!" wani ya ce.

"Ni ya zo kashewa. Ku ina kuke shekara bakwai?"

Ba wanda ya matso. Haka ta tsaya, jini na ɗiga daga yatsunta a kan rigarsa, har motar jami'an tsaro ta iso. Sai da aka sa shi a mota ta zauna a bakin dandamali ta suma.

A asibiti hannun ya kumbura har rigar ta ƙi fita, ni na yanke ta da almakashina. Ƙashi biyu ne suka karye, aka sa mata ƙarfe. Yoila ya rasa haƙora biyar. Abokin Madu da aka daka ya rayu, amma ido ɗaya ya tafi. Malam Dzarma ya kwana goma sha ɗaya bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo ɓarin jikinsa na dama ya mutu, maganarsa ta koma a hankali kamar ta mai koyo. Aisa ta je gaishe shi da hannu rataye a wuya. Ya kama kuka.

"Ni... na jawo miki, 'yata."

"Baba, tun kafin in san ka ake dukana," ta ce. "Kai ne ka shiga tsakani. Ba wanda ya taɓa shiga sai kai da Ezinne."

An ɗaure Madu wata tara, alƙali kuma ya raba auren. A ƙofar kotu mahaifiyarsa, Ya Ammatullahi, ta tofa wa Aisa yawu a fuska, ta ce ta nakasa mata ɗa, Allah ya isa. Unguwa ta rabu biyu. Wasu suna cewa ta yi daidai, amma a ɓoye suke faɗa. Waɗanda suke cewa matar da ta karya mijinta a gaban jama'a ba ta da albarka, su a fili suke faɗa. Masu sayen kifi suka ragu. Wata safiya ta zo ta tarar an farfasa teburinta an yi bayan gida a wurin. Wata rana kuma aka jefe ta da dutse daga bayan katanga, ya tsaga mata goshi. Ni ma an fasa mini gilashin shago. Ba ta kai ƙara ba. Ta kwashe kayanta a keke napep ɗaya ta koma Umarari, ta kama ɗaki layi biyu da gidan Malam Dzarma.

An sake yin wasan bayan sallar layya, a cikin zaure mai ƙofa ɗaya da masu bincike a bakinta. Humaira ce Gana, Yoila ya fito da haƙoran roba, Malam yana gaba a keken guragu. Ni da Aisa muka zauna a baya. Da aka kusa wurin tsarewar ta tashi ta fita, na bi ta. Na same ta a waje ta jingina da bango tana numfashi da ƙyar.

"Humaira ta iya," ta ce. "Ki koma ki kalla, ki ba ni labarin ƙarshen. Ban taɓa ganin yadda yake ba a kan katako."

Na koma na kalla na ba ta labari. Ba ta sake hawa dandamali ba, ko da yake sun roƙe ta sau uku. Ran Talata takan je ta zauna da Malam ta yanka masa farce, yana faɗa mata sabon abin da yake son rubutawa, Humaira tana rubutawa.

Hannun bai koma daidai ba. Yatsu biyu ba sa lanƙwasawa, ba ta iya ɗaga ragar kifi daga kan wuta sai ta tokare da gwiwa, ta sha ƙonewa. Watan jiya na je wurinta da safe kai mata zanen gado, muna zaune sai aka yi sallama a ƙofa. Wata tsohuwa ce da ƙullin kaya a ka, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, leɓenta a fashe. Sai da ta yi magana na gane Ya Ammatullahi ce. Tun da aka sako Madu wurinta ya koma. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa, ta kasa kallon Aisa.

"Ba ni da inda zan je," ta ce.

Ni dai na so Aisa ta rufe ƙofar, kuma na faɗa mata haka daga baya. Ta tashi ta sauke mata ƙullin, ta shimfiɗa tabarma, ta ce in ɗora ruwan zafi.

Tsohuwar tana nan har yanzu. Ita ke ɗaga raga, Aisa tana juya kifi. Ba su cika magana da juna ba. Shekaranjiya maƙwabta suka ce sun ga Madu a bakin layin, dogare da sanda, ya tsaya ya fi awa ɗaya yana kallon hayaƙi bai ƙaraso ba. Na ce mata mu je a sanar da mai unguwa. Ta ce ta riga ta je da kanta, kuma ta sa Yoila ya yi wa ƙofar sakata ta ƙarfe. Sannan ta tambaye ni ko zan rage wa Ya Ammatullahi wasu riguna biyu, domin tsohuwar ta rame, duk sun yi mata yawa.